Amintacce: Ma'anar Kalmar Da Nauyin Da Ke Cikinta

(Jawabin da aka yi wa dattawan ikkilisiyoyi da shugabannin zumuntar mata da na matasa a Zariya)

An ce in yi magana a kan kalma ɗaya tak, wato "amintacce". Wani zai ce ai wannan ba abin ɓata lokaci ba ne, Bahaushe ko mai jin Hausa wa zai koya masa ma'anar amintacce? To, sai ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Kalma ce da ba ta barin bakinmu. In za a zaɓi ma'aji, sai a ce a nemo amintacce. In yaro zai tafi neman aiki, sai ya zo wurin fasto a rubuta masa takarda cewa shi amintacce ne, ko da kuwa rabon da a gan shi a sujada tun Kirsimeti. In ana jana'iza, kowane mamaci amintaccen bawan Allah ne, har da wanda rabin masu zaman makoki suna binsa bashi. Yawan faɗa ya sa kalmar ta lalace kamar tsohon kwabo, rubutun da ke jikinta ya goge. Ga shi kuwa mu da muke 'yan kaɗan a wannan ƙasa, ba mu da wani jari da ya wuce ta.

Bari mu fara da ginin kalmar. A Hausa muna cewa dafaffe ga abin da aka dafa, wankakke ga abin da aka wanke, gyararre ga abin da aka gyara. Amintacce ma a wannan layi yake: shi ne wanda aka amince da shi. Wato aiki ne da ya riga ya auku a kan mutum, wasu ne suka yi shi, bayan sun gani da idonsu. Nama ba ya kiran kansa dafaffe, sai an taɓa an ji ya yi laushi. Saboda haka duk wanda ya buga ƙirji ya ce "ni amintacce ne", ya ɗauki maganar da ba a bakinsa ya kamata a ji ta ba. Maƙwabcinsa ne zai faɗa, da matarsa, da wanda ya ba shi ajiya shekara 3 da suka wuce ya dawo ya tarar da ita yadda ya bari.

Kalmar tana da dangi da yawa a harshenmu, kuma dukansu daga Larabci muka aro su, daga tushe ɗaya mai baƙaƙe uku. Akwai amana, akwai aminci, akwai amini da aminiya, akwai imani da mumini. Sunayen Aminu da Amina ma daga nan suke, har da na Sarauniya Amina wadda ake jingina wa ganuwar garuruwa da dama a ƙasar Hausa. Ku lura kuma da yadda muke juya kalmar aminci. Mukan ce akwai aminci tsakanin wane da wane, ma'ana abota ta ƙut-da-ƙut. Mukan roƙi Allah ya kai mu gida cikin aminci, ma'ana ba tsoro ba fargaba. Mai sayar da kekuna kuma zai ce maka wannan ya fi wancan aminci, ma'ana zai ɗauki buhun masara daga Giwa zuwa Tudun Wada bai karye a hanya ba. Ba ma'anoni uku ba ne daban-daban. Abin da zai ɗauki nauyinka bai karye ba, shi ne kake kwana da kwanciyar rai a kansa, shi ne kuma kake buɗe wa cikinka.

Wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin gwamnati a Arewa ya kuma koyar a nan Zariya, ya wallafa wata lacca a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Ya lasafta halaye 10, ya sa gaskiya a farko, amana na biye da ita. Bai ƙago kome ba, abin da ya ji a bakin kakanninmu ne ya rubuta.

Yanzu mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta mafi yawansa, Ibrananci kuwa da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne. Wannan tushe mai baƙaƙe uku da ya ba mu amana, shi ne dai a Ibrananci ya haifi kalmar da ake fassarawa aminci, da wadda ake fassarawa gaskiya, da kuma Amin ɗin da muke rufe addu'a da ita. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, mutanen Ibraniyawa ba su fara amfani da kalmar a kan halin zuciya ba. A kan abubuwan da ake gani ake taɓawa suka ɗora ta.

Ku duba Fitowa sura 17. Isra'ila na yaƙi da Amalekawa a Refidim, Musa yana kan tudu ya ɗaga hannu. Da hannuwan suka gaji, Haruna da Hur suka zaunar da shi a kan dutse, suka tallafe su, wannan a dama wancan a hagu. A aya ta 12, inda aka ba da labarin yadda hannuwan suka tsaya ba su sauka ba har rana ta faɗi, kalmar da ke wurin a Ibrananci ita ce kalmar aminci. Hannu ne da bai sauka ba har magariba. Kuma kada ya wuce ku cewa bai tsaya shi kaɗai ba, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Zan dawo kan wannan in mun zo maganar kuɗi.

A littafin Rut sura 4, sa'ad da Na'omi ta karɓi jaririn ta zama mai renonsa, kalmar mai reno daga wannan tushe take. Haka ma a Esta sura 2, inda Mordekai ya riƙe marainiyar 'yar kawunsa. Iyayenmu mata sun fi mu gane wannan. Jaririn da aka goya yana barci a baya cikin kasuwa, ana turereniya ana hayaniya, bai san kome ba, domin majanyi ya ɗauru kuma bayan da ke ɗauke da shi ba zai yar da shi ba.

Annabi Irmiya kuwa, a sura 15 aya 18, cikin ɓacin rai ya yi wa Allah ƙara, ya kwatanta da rafin da ba shi da aminci. Mu manoma mun san irin wannan rafi. A watan Agusta yana ambaliya, yana cin gonakin mutane, kowa na jin ƙararsa. Ka koma a watan Maris da garken shanunka, sai yashi. Rijiyar bayan gida ba ta da ƙara, ba wanda ke zuwa kallonta, amma ita ake zura wa guga a tsakiyar bazara. A cikin kowace ikkilisiya akwai rafin Agusta, ranar ƙaddamarwa shi ne mai babbar murya da babban alkawari. Akwai kuma tsohuwar da shekara 20 ke nan ita ke share majami'a ranar Asabar, ba a taɓa kiran sunanta a bagade ba.

Akwai wani hoto a Ishaya sura 22 da nake so dattawa su karanta a gida a hankali. An tsige wani wakilin fada mai suna Shebna, aka ce za a ba Eliyakim ɗan Hilkiya mabuɗin gidan Dawuda, aka kwatanta shi da turken da aka kafa a bango, a wuri mai aminci. Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba. Dangin gidan ubansa kaf suka zo suna rataya kayansu a jikinsa, manya da ƙanana, har surar ta rufe da cewa turken zai karye, kayan su zube. Wannan ba labarin Urushalima ba ne kaɗai. Sau nawa muka ga ɗanmu ya sami muƙami a ƙaramar hukuma ko a banki, yana tafiya daidai, mu da kanmu muka karya shi? Wannan ya zo da kuɗin makaranta, wancan da takardar asibiti, majami'a kuma ta aiko da ambulan na ginin hasumiya, albashinsa kuwa mun san iyakarsa. In ya ce babu, mu ce ya manta da gida. In ya sa hannu a abin da ba nasa ba aka kama shi, mu ne na farko da za mu ce ya ba da mu.

Mu zo kan ganuwa, tun da a gindinta muke. Wanda ya tashi a Zariya ya san Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona da sauransu. A zamanin da, kowace ƙofa da mai tsaronta, in dare ya yi a rufe, sai gari ya waye a buɗe. Duk tsawon ganuwa da kaurinta, da zurfin gwalalon da ke bayanta, a hannun mutum ɗaya take, wato mai riƙe da ƙofa. In ya karɓi 'yan kuɗi ya zare sakata da tsakar dare, aikin dubban mutane ya tashi a banza. Nehemiya ya san haka. Ya gama ganuwar Urushalima cikin kwana 52, aka kafa ƙyamare, sai a sura 7 ya nemi wanda zai danƙa wa birnin. Ya ɗauki ɗan'uwansa Hanani da wani Hananiya shugaban kagara. Dalilin da ya bayar a kan Hananiya biyu ne: mutum ne mai aminci, tsoron Allah nasa kuma ya ɗara na mutane da yawa. Bai ambaci gidan da ya fito ba, bai ambaci dukiyarsa ko iya maganarsa ba. Har ya ba su doka cewa kada a buɗe ƙofa sai rana ta ɗaga.

A Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci, kalma ɗaya ce take ɗauke da abin da mu muka raba gida biyu, bangaskiya da aminci. Bangaskiya ita ce ka ba da gaskiya ga wani, aminci kuwa shi ne a ba da gaskiya gare ka. Mai Helenanci in ya kira mutum da wannan kalma, yana iya nufin mai bi, yana iya nufin abin dogara, sai dai a duba wurin. Shi ya sa wannan kalma ta fito a cikin halaye 9 da Manzo Bulus ya kira albarkar Ruhu a Galatiyawa sura 5. Da masu fassara suka zauna, su Likita Mila da abokan aikinsa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, dole ne a kowane wuri su zaɓi ɗaya cikin biyun. Mu masu karatu sai mu riƙa tunawa cewa a asali ba a raba su ba. Mutumin da ya ce yana da bangaskiya mai kawar da duwatsu, amma ba za a iya ba shi dubu 5 ya kai wa gwauruwa ba, a harshen da manzanni suka yi rubutu maganarsa ba ta ma haɗuwa.

A nan sai in yi gargaɗi, domin akwai abin da ke kama da aminci amma ba shi ba ne. Cikin 2 Sama'ila sura 11 akwai mutum biyu a ƙarƙashin Sarki Dawuda. Yowab sarkin yaƙi ya karɓi wasiƙa cewa a sa Uriya a bakin dāga a janye a bar shi, ya aikata ba tambaya. Uriya kuwa, Bahitte ne, baƙo a cikin Isra'ila, sarki ya lallashe shi ya je gida ya kwana, ya ƙi, domin 'yan'uwansa suna kwana a fili. Shi ya ɗauki wasiƙar mutuwarsa da hannunsa bai buɗe ba. Wane ne amintacce a cikinsu? Yowab ɗan amshin shata ne kawai. A sura ta gaba kuma Annabi Natan ya shiga fada ya faɗa wa sarki laifinsa ido da ido, shi ma amintacce ne. Dattijon da duk abin da fasto ya kawo sai ya ce "daidai ne, ranka ya daɗe", alhali ya san ba daidai ba ne, ya ci amanar fasto ya ci ta jama'a. Littafin Karin Magana sura 27 ya nuna cewa raunin da aboki ya yi maka ya fi sumbar maƙiyi aminci.

To, ga maganar kuɗi. Na san wasu sun fara gyara zama.

Akwai wata al'ada da ta shige mu. In aka ce a kawo littafin kuɗi a duba, sai ma'aji ya ɓata rai, ya ce ashe ba a yarda da shi ba. Dattawa kuma don kunya su ce a bar maganar, ai Baba amintacce ne. Shekara ta bi shekara, baiko da zakka suna shiga aljihun riga ɗaya da kuɗin takin Baba. Ba lalle ne ya yi niyyar ci ba. Yaro ya kwanta ciwo, ya ɗan taɓa da nufin mayarwa in an girbe. Damina ta ƙi. Ranar da za a sayi kwanon rufi sai a tarar babu, daga nan ikkilisiya ta dare biyu, gidan Baba da magoya bayansa su koma gindin mangwaro su fara tasu sujadar. Ban ambaci sunan wani gari ba, amma na ga wasu suna murmushi.

Ku karanta 2 Sarakuna sura 12. Sarki Yowash ya ce firistoci su riƙa karɓar kuɗi suna gyaran Haikali. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara ko tsaga ɗaya ba. Firistoci ne fa, ba ɓarayin kasuwa ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙirga, su ɗaure a jaka, su miƙa wa masu lura da aiki. Sa'an nan ne fa aya ta 15 ta ce ba a nemi lissafi daga hannun masu biyan ma'aikata ba, domin da aminci suke yi. Mu mun riƙe aya ta 15 mun manta da akwatin da mutum biyun da ke ƙirga. Ezra ma, a sura 8, da zai taso daga bakin kogin Ahawa, auna azurfa da zinariya ya yi a hannun manyan firistoci 12, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta. Manzo Bulus da kansa, sa'ad da ake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗaya daga ciki ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi a gaban Allah ko a gaban mutane. In Bulus bai ji an raina shi ba, ni wane ne? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ma'ajin kirki shi ne ke roƙon a zo a duba littafinsa, domin Haruna da Hur nasa ke nan.

Iyayenmu mata kada su ce da maza ake. Uwar adashe ma'aji ce. Mai riƙe da kuɗin anko na zumunta ma'aji ce. Telan da ya karɓi yadi 10 a watan Nuwamba alhali ya san 6 zai iya ɗinkawa kafin Kirsimeti, da mai awon da ta bubbuga gindin mudu ya lotsa, duk magana ɗaya ce. Ubangiji ya koyar a Luka sura 16 cewa a kan ƙaramin abu ake gane wanda za a ba babba. Haka nan asiri. Matar da ta zo wurin matar fasto da kuka ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta, ajiya ta kawo. In maganar ta fito ranar Laraba da sunan "roƙon addu'a", an ci amana, ko da an rufe da Amin.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ba mu da jarin da ya wuce wannan kalma. Kalmar amana tana da tsohon tarihi a ƙasar Zazzau. A ƙarni na 19, al'ummar da ba Musulmi ba in ta yi amana da sarki, takan biya abin da aka yanka mata kowace shekara, a bar ta da zamanta ba a kai mata hari ba. Wani lokaci an riƙe, wani lokaci an ci, kakannin wasunmu da ke zaune a nan sun ɗanɗana duka biyun. Zamanin ya wuce, yau tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin addininsa. Amma har yanzu zaman yau da gobe a unguwa ba takarda ke riƙe da shi ba, yarda ce tsakanin mutum da maƙwabcinsa.

Maƙwabtanmu Musulmi kuwa sun san nauyin kalmar sarai. A wurinsu sananne ne cewa mutanen Makka suna kiran Annabi Muhammadu da laƙabin Al-Amin tun kafin ya fara kira, kuma da zai yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 ya bar Aliyu a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu. Mun bambanta da su a kan manyan al'amura na bangaskiya, ba ma ɓoye wannan. Amma in ana maganar riƙon amana, ma'auni ɗaya ne a kasuwar. Ba za su karanta wasiƙun Bulus ba, amma za su karanta bashin da ka ci a shagon Alhaji ka riƙa sauya hanya. Kuma ku sani, in Musulmi ɗaya ya ci amana a birnin nan, sunansa za a kira. In ɗayanmu ne, ba za a ce wane ba, cewa za a yi "Kiristan nan". Ba adalci ba ne, amma haka zaman 'yan kaɗan yake a ko'ina cikin duniya.

Daniyel ya yi irin wannan zama. Baƙo ne a fadar da ba ta san Allahnsa ba. A sura 6 Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120 da shugabanni 3 a kansu, Daniyel na ciki. Abokan aikinsa suka bi diddigin aikinsa kaf suna neman abin kamawa, ba su samu ba, sai da suka koma ga addu'arsa. Mu ma muna da namu. Likita Mila ya zauna cikin birnin nan tun 1905, da ɗan ɗakin magani da makaranta, kafin a mai da mishan Wusasa a 1929. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda aka danƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. Ba yawan ƙuri'unmu ne ya kai su can ba.

Kafin su ma akwai Isawa. Wani Malam Ibrahim a Kano, cikin karatunsa na Alƙur'ani, ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya riƙa koyar da haka, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse zuwa wajen Ningi da iyakar Zazzau. Ba su da Littafi Mai Tsarki, ba su da majami'a, ba su kuma kira kansu Kirista ba, amma suka riƙe ɗan abin da aka bar musu fiye da shekara 40, har a 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso wurin Mila a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kashe da yawa, waɗanda suka ragu ba su saki ba. Jikokinsu suna cikinmu. Abin da Bulus ya umarci Timoti ke nan a wasiƙa ta 2 sura 2, cewa abin da ya karɓa ya danƙa wa mutane masu aminci waɗanda za su iya koya wa na gaba. Mu da muke da Littafi a kowane ɗaki, yara nawa ne a gidajenmu za su iya karanta sura ɗaya da Hausa ba su yi tuntuɓe ba?

Ban manta da wuta ba. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso nan, aka ƙone majami'u da yawa a Zariya. A ranar 17 ga Yuni 2012 bam ya tashi a majami'u a Wusasa da Sabon Gari ana cikin sujada. Akwai waɗanda ke zaune a nan da tabon a jikinsu. Wani matashi zai tambaye ni, to me ya sa zan riƙe amanar wanda bai riƙe tawa ba? Amsa ta farko, amincinmu ba ciniki ba ne, daga halin Allah muka koyo shi, wanda 2 Timoti sura 2 aya 13 ta nuna ba ya sauyawa ko da mu mun sauya. Amsa ta biyu, kada zafin rai ya sa mu yi ƙarya a kan maƙwabtanmu. A kowane rikici akwai gidajen Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye namu. Duniya ta ji labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a watan Yuni 2018 ya shigar da mutum 262 cikin gidansa da masallacinsa, mafi yawansu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Wannan dattijo sarkin ƙofa ne irin na Nehemiya. Tambayar da ta rage tamu ce. A garuruwan da mu ne masu yawa, in rana ta ɓaci, ƙofar wa Bahaushe mai shayi zai ƙwanƙwasa?

Lokaci ya tafi, ga shugaba yana duban agogo. Saura Amin. Muna faɗinta sau da yawa kamar alamar cewa addu'a ta ƙare a buɗe ido. Asalinta kuwa sa hannu ce, kamar mutum ya ce wannan magana tabbatacciya ce, na ɗora kaina a kanta. A Nehemiya sura 5, da aka sa masu kuɗi suka yi rantsuwa za su mayar wa talakawa gonakinsu su daina karɓar ruwa, taro ya amsa da Amin, surar kuma ta shaida cewa sun aikata. Ubangijinmu ya juya al'adar, yakan sa ta a farkon maganarsa, a Bisharar Yahaya ma sau biyu a jere har wuri 25. A Wahayi sura 3 aya 14 kuwa Amin ɗin sunansa ne. Saboda haka in an karanta alkawarin aure, ko na naɗin dattijo, ko aka yi alkawarin buhu biyu ranar godiyar kaka, muka ɗaga murya muka ce Amin, mun zama shaidu, kuma ana iya zuwa a tambaye mu.

Roƙona ga dattawa kafin in zauna guda biyu ne. In lokacin zaɓe ya zo a ikkilisiyarku, kafin a kira sunan kowa, a aiki mutum biyu su zaga unguwarsa a natse, su ji ta bakin mai shagon da yake karɓar kaya, da wanda suke iyakar gona, ko Kirista ne ko Musulmi. Sa'an nan daga Lahadi mai zuwa, baiko kada ya bar majami'a sai mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba sun ƙirga sun sa hannu, a kuma karanta wa jama'a lissafi duk wata uku. Wanda ikkilisiyarsu ba ta da littafin kuɗi, ya ga magatakarda bayan an tashi, a nuna masa yadda ake ja masa layi.

Shugaba, ga abin magana.